Bango, Rufi da Randa: Kimiyyar Kare Gida daga Zafi da Sanyi a Danchadi

Gabatarwa

Garin Danchadi yana cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga, kudu da birnin Sakkwato, ba nisa da ƙasar Shagari. Kamar sauran garuruwan wannan yanki, mutanensa kan fuskanci yanayi mai tsanani har iri uku a cikin shekara guda. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, zafin rana kan kai digiri 40 a ma'aunin santigired, wasu ranakun har ya zarce haka. Daga nan sai iskar farkon damina ta taso da ƙarfi, ruwa ya biyo baya. Ruwan shekara duka bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, amma kusan dukkansa a cikin wata huɗu yake zuba. Sa'an nan a Disamba da Janairu hunturu ya sauko da ƙura da sanyin asuba, ma'auni ya faɗo zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka.

Mafi yawan iyalai ba su da na'urar sanyaya ɗaki, wutar lantarki kuwa ba kullum ake samun ta ba. Saboda haka ginin gidan shi ne garkuwar farko, kuma yadda aka yi bangonsa da rufinsa da tagoginsa na iya zama sanadin lafiya ko cuta ga tsoho da jariri. Wannan maƙala za ta bayyana ƙa'idojin kimiyya da ke ƙarƙashin wannan al'amari, da abin da kowane gida zai iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Hanyoyin da zafi ke bi

Kullum zafi yana tafiya ne daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi, kuma hanya uku yake bi. Ta farko ita ce ratsawa, watau ya bi ta cikin jikin abu, kamar yadda cokalin ƙarfe ke ɗaukar zafi idan aka bar shi cikin tukunyar miya. Ta biyu ita ce ta iska ko ruwa: iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta. Ta uku ita ce ta haske, kamar yadda mai jin ɗumi ke jin zafin wuta a fuskarsa ba tare da ya taɓa ta ba. Ta wannan hanya ce zafin rana ke isowa duniya. Duk wata dabarar sanyaya ɗaki ko ɗumama shi, a kan tare ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ko buɗe ta aka gina ta.

Bangon ƙasa da rufin kwano

Magina na gargajiya kan yi bango da tubali, su yi masa kauri sosai, musamman daga tushe, su rufe soro da azara da ƙasa, ko su ɗora jinkar ciyawa. Ƙasa ba ta barin zafi ya ratsa ta da sauri, kuma tana iya shanye zafi mai yawa kafin ita kanta ta ɗau ɗumi. Zafin da ya bugi bango da azahar sai ya yi sa'o'i da dama kafin ya isa cikin ɗaki. Shi ya sa soro ke da sanyi da tsakar rana, amma da dare ya riƙa fitar da ɗumin da ya tara, har mutane su fito su kwana a tsakar gida. Da hunturu kuwa wannan ɗumi na dare alheri ne.

Kwano ya bambanta ƙwarai. Ƙarfe ne siriri, zafi na ratsa shi nan take, kuma a ranar bazara jikinsa kan wuce digiri 60. Daga nan sai ya riƙa watso wannan zafi ƙasa ta hanyar haske, kan duk wanda ke cikin ɗakin, tamkar an kifa masa kaskon wuta. Da dare kuma ya huce da sauri, abin da ke sa ɗakin kwano ya fi kowane ɗaki sanyi da asubar hunturu. Bulon siminti mai inci 6 ko 9 shi ma bai kai bangon ƙasa jinkirta zafi ba.

Ba don rashin sani mutane suka koma ga kwano ba. Ba ya yoyo kamar soron da aka yi wa sakaci, ba ya buƙatar yaɓe kowace shekara, kuma wuta ba ta cin sa kamar jinka. Abin da ake bukata shi ne a rage illarsa. Silin, ko da na tabarma ne ko zana, yana tare zafin da kwano ke watsowa. Idan aka bar ƙananan ƙofofin iska tsakanin silin da kwano, iska mai zafi za ta sami mafita. Har ila yau farin abu yana mayar da mafi yawan hasken rana, baƙi kuwa shanye shi yake yi. A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, bayan zafin 2010 da ya hallaka mutane fiye da dubu, hukuma ta fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, kuma daga cikin matakan da aka ɗauka daga baya har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti ko farar ƙasa, wanda ke rage zafin ɗaki da digiri biyu zuwa biyar. Daɗin daɗawa, bishiyar dogon-yaro ko rumfa a yammacin ɗaki tana kare bango daga ranar la'asar, wadda ta fi kowace illa ga barcin dare.

Randa da gumin ɗan'adam

Akwai wata hanya ta kawar da zafi, watau juyewar ruwa zuwa tururi. Kafin ruwa ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jingine da shi, kuma ba kaɗan yake ɗiba ba. Zafin da lita ɗaya ta ruwa ke bukata don ta ƙafe ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata don a ɗaga ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ruwan da ya rage a ciki ya yi sanyi. Jarka da bokitin roba ba su da waɗannan ƙofofi, don haka ba sa sanyaya ruwa. Randa ta fi aiki a inuwa, inda iska ke kaɗawa, kuma a lokacin da iska take a bushe, kamar Maris da farkon Afrilu.

A kan wannan ƙa'ida ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990. Akan saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da tattasai da alayyafo sai su yi kwanaki ba su lalace ba. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Jikin ɗan'adam ma randa ce. Zafinsa na cikin lafiya kusan digiri 37 ne. Idan zafin iska ya wuce na jiki, babu sauran hanyar da jiki zai fitar da zafi sai gumi, gumi kuwa ruwa ne da gishiri da dole a mayar. Idan ruwa ya yi ƙaranci sai kasala da jiri da ciwon kai su biyo baya, fitsari ya ragu ya yi ja. In zafin jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara ruɗewa ko ya suma, to rai na cikin haɗari. Sai a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a riƙa jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Wanda yake cikin hayyacinsa kuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Wannan ba haɗarin nesa ba ne. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, a cikin watan azumi, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Masana da suka nazarci wannan zafi sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara masa tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma yi gargaɗi cewa idan zafin ɗaki ya wuce digiri 40, fanka kaɗai iska mai zafi take hura wa jiki. A irin wannan hali sai an jiƙa fata ko tufafi kafin ta yi amfani.

Iskar farkon damina

Sau da yawa akan ji cewa iska ta yaye rufin makaranta ko na gida a watan Mayu ko Yuni. Dalili shi ne, idan iska ta bi ta kan rufi da gudu, matsinta a saman kwano yana raguwa, iskar da ke cikin ɗaki kuwa tana tura shi sama. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin nan yana ninkawa sau huɗu. Daga gefe da kusurwa kwano ke fara ɗagawa, don haka nan ya fi bukatar ƙusa, kuma ya kamata a ɗaure katakon rufi da bango da waya mai ƙarfi ko ƙarfe tun lokacin gini. Idan hadari ya taso a rufe ƙofofi da tagogin da ke fuskantar gabas.

Maƙiyin ginin ƙasa kuwa shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa ko a kansa, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta iya ɗaukar nauyi. Gyaran indararo, da yin yaɓe, da buɗe rariya, aikin bazara ne, ba na bayan saukar ruwa ba. Ambaliyar watan Satumba, 2010, wadda ta biyo kwarin Rima daga wajen Goronyo har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ta rusa gidajen ƙasa masu yawa, ta kuma nuna illar yin gini a hanyar ruwa.

Hunturu: ƙura, hayaƙi da gobara

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma ƙura mai yawa da take ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta samo asali. Bushewarta na tsattsaga fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayoyin cuta su sami hanyar shiga. Wannan na cikin dalilan da suka sa sanƙarau ke ɓarkewa daga hunturu zuwa bazara, musamman inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki guda marar taga. A 1996 cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma a 2017 ta sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Allurar rigakafi da barin iska ta ratsa ɗaki su ne manyan makamai.

Haɗari na biyu shi ne kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Gawayin da ke ci inda iska ba ta isa yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 ko fiye, har mai barci ya wuce bai farka ba. A ɗumama ɗaki taga na buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta. Haka kuma ba a kunna janareta a cikin ɗaki ko zaure.

Na uku shi ne gobara. A wannan lokaci kara da harawa da zana sun bushe ƙayau, iska kuma na kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rumbunan unguwa. Ya kamata a nisanta tarin kara da harawa daga murhu da ɗakin kwana, a share ciyawar da ke kewaye da rumbu, a kashe wuta da ruwa ko ƙasa bayan girki, a kuma guji ajiye fetur a cikin gida.

Gwaji don ɗalibai

Malamin kimiyya na iya tabbatar wa ɗalibansa waɗannan bayanai da kayan da ke hannu. A sami ma'aunin zafi guda biyu, a naɗe kan ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga, a rataye su a inuwa na minti goma, a rubuta bambancinsu. A maimaita gwajin a Maris da kuma Agusta, ɗalibai su bayyana dalilin da ya sa bambancin ya ragu da damina. Haka nan a auna zafin soro, da ɗakin kwano mai silin, da marar silin, da ƙarfe 7 na safe, 2 na rana da 9 na dare, har tsawon mako guda, a zana sakamakon a kan allo.

Kammalawa

Hukumar Hasashen Yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma yin gargaɗi kan ranakun tsananin zafi da ƙura, gidajen rediyo na yaɗawa. Amfanin gargaɗin yana ga gidan da ya yi shiri: silin da inuwa da randa kafin Maris, ƙusa da indararo kafin Yuni, share kewayen rumbu kafin Disamba. Ɗalibin da ya fahimci hanyoyin da zafi ke bi zai iya duba ɗakin da kakarsa ko ƙaninsa jariri ke kwana, ya gane inda gyara yake, ya kuma bayyana wa maigida dalili.