Yadda ake sabunta manhajar BIOS ba tare da kwamfuta ta lalace ba

Daga cikin ayyukan kula da kwamfuta, kaɗan ne suka haɗa gajeren lokaci da babban haɗari kamar sabunta manhajar da ke cikin babban allonta. Aikin yakan ƙare cikin 'yan mintoci, amma idan wuta ta ɗauke a tsakiyarsa, ko aka ɗora fayil ɗin da ba na allon ba, kwamfutar da ke aiki lafiya da safe tana iya zama tamkar dutse kafin azahar: fitila na kamawa, fanka na juyawa, amma babu abin da ke bayyana a fuskarta. A ƙasa irin Najeriya, inda wutar lantarki kan tafi ba sallama, wannan barazana ta fi kusa da mai shagon buga takardu, ɗalibi ko ma'aikacin ofis fiye da yadda littattafan kamfanonin ke nunawa. Abin kwantar da hankali shi ne kusan duk haɗarin ana iya kawar da shi tun kafin a danna maɓallin farko.

Mece ce wannan manhaja?

Babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, shi ne faifan da dukkan sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa: farosesa, ƙwaƙwalwar wucin gadi ta RAM, ma'ajiyar bayanai da ramukan USB. A jikinsa akwai wani ɗan guntu da ake ajiye manhajar da ke fara tashi da zarar an kunna na'ura. Ita ce ke duba sassan ɗaya bayan ɗaya, ta daidaita ƙarfin wutar da kowane zai sha, sannan ta miƙa ragama ga Windows ko Linux. A allunan zamani guntun kan ɗauki megabait 16 ko 32 kacal.

Sunan BIOS ya samo asali ne daga tsarin CP/M na Gary Kildall a 1975, kuma ya yaɗu bayan fitowar kwamfutar IBM a 1981. Daga baya manyan kamfanoni suka kafa ƙungiyar UEFI a 2005 domin samar da sabon tsari, wanda kusan kowace kwamfutar yau ke amfani da shi, ko da yake bakin jama'a ya saba da tsohon sunan.

Idan Windows ta lalace, ana iya sake ɗora ta, domin manhajar allon tana nan za ta karɓi filashi ko faifai. Idan kuwa ita manhajar allon ce ta lalace, babu wanda zai buɗe ƙofar. Duniya ta ga misalin haka a ranar 26 ga Afrilun 1999, lokacin da ƙwayar cutar kwamfuta ta CIH, wadda ta ɓulla a Taiwan, ta goge BIOS a kan kwamfutoci da dama, suka kasa tashi gaba ɗaya. Yayin sabuntawa ma ana goge tsohuwar manhajar ne a rubuta sabuwa a wurinta, shi ya sa katsewar aikin ke barin guntun babu cikakkiyar tsohuwa, babu cikakkiyar sabuwa.

Yaushe ya dace a sabunta?

Kwamfutar da ke aiki lafiya ba ta buƙatar kowane sabon fitowa da kamfani ya saki. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido. Sai dai akwai dalilai uku da suka cancanci a ɗauki wannan kasada.

Na farko shi ne sauya farosesa. Lokacin da kamfanin AMD ya fitar da jerin Ryzen 5000 a watan Nuwamban 2020, allunan da aka ƙera kafin nan ba su gane sababbin farosesocin ba sai da aka sabunta su, duk da cewa mazauninsu iri ɗaya ne.

Na biyu shi ne gyaran wata matsala da kamfani ya amince da ita. A 2024 kamfanin Intel ya tabbatar cewa wasu farosesocinsa na kwamfutar tebur, na ƙarni na 13 da na 14, suna neman wutar da ta wuce kima, abin da ke sa su riƙa tsayawa kuma su lalace a hankali. Gyaran, mai lamba 0x129 a watan Agusta da 0x12B a watan Satumba, ya isa ga jama'a ne ta hanyar sabunta BIOS. Gyaran yana kare farosesar da ba ta riga ta lalace ba, amma ba ya warkar da wadda ta lalace, don haka jinkiri a nan asara ce.

Na uku shi ne tsaro. A watan Disamban 2023 masu bincike na kamfanin Binarly suka bayyana wata kafa da suka kira LogoFAIL, wadda ke bai wa ɓarayin intanet damar shigar da muguwar manhaja ta hanyar hoton tambarin da ke bayyana yayin kunna kwamfuta. Haka kuma takardun shaidar tsarin Secure Boot da Microsoft ya fitar a 2011 wa'adinsu na fara ƙarewa ne daga watan Yunin 2026, kuma wasu kwamfutoci na buƙatar sabuwar manhajar allo kafin su karɓi sababbin takardun.

A shafin kowane kamfani, gefen kowane fitowa akwai ɗan bayanin abin da aka gyara. Wannan bayani ne ya kamata ya yanke hukunci.

Shiri kafin a fara

Matakin farko shi ne sanin ainihin sunan allon. A Windows, idan aka danna maɓallin Windows tare da R aka rubuta msinfo32, za a ga sunan kamfani, samfurin allo da lambar manhajar da ke kai yanzu. Ga kwamfutar tebur da aka harhaɗa, ya fi kyau a buɗe akwatin a karanta abin da aka buga a jikin allon, domin harafi ɗaya na iya raba alluna biyu. Kamfanin Gigabyte, alal misali, yana buga lambar bugu a kusurwar allo, kuma bugu na 1.0 da na 2.0 na samfuri ɗaya suna iya buƙatar fayiloli dabam. Ga kwamfutocin HP, Dell da Lenovo kuwa, lambar da ke kan takardar da aka manna a ƙasan na'urar ita ake shigarwa a shafin kamfanin.

Daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar kaɗai ake sauke fayil. Wanda aka samo a zauren WhatsApp, ko a filashin wani, ko a shafukan da ke alƙawarin sabunta komai da dannawa ɗaya, babu mai tabbatar da abin da ke cikinsa. A kuma karanta gargaɗin da ke tare da fayil ɗin: wasu fitowar na buƙatar a fara ɗora wata ta tsakiya, wasu ba a iya komawa baya daga gare su, wasu kuma suna daina karɓar tsofaffin farosesoci domin samar wa sababbi wuri.

Sai batun BitLocker, tsarin da ke kulle bayanan ma'ajiya a Windows, wanda a kwamfutoci da yawa yana aiki ba tare da mai su ya sani ba. Sauyin manhajar allo na iya sa ya ɗauka cewa an sace na'urar, ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Wanda ba shi da wannan mabuɗi ya rasa hanyar shiga bayanansa. Saboda haka a nemo shi a asusun Microsoft, a rubuta a takarda, sannan a dakatar da BitLocker kafin aikin. A kuma tabbatar an tuna kalmar sirrin shiga Windows, domin lambar PIN na iya daina aiki bayan sabuntawa.

Masu sayen kwamfutocin tokumbo suna da ƙarin abin dubawa. Da yawansu sun fito ne daga ofisoshin ƙasashen waje, kuma wasu suna zuwa da kalmar sirrin BIOS ta tsohon mai su, wadda ke iya hana sabuntawa. Wannan abu ne da ya kamata a bincika tun a wurin saye.

A ƙarshe, a kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri, a kuma ɗauki hoton shafukan saitin BIOS da waya, domin yawanci saitin kan koma na asali.

Wuta ce babbar magana

Kwamfutar tebur ba ta da batirin da zai riƙe ta ko da daƙiƙa ɗaya, don haka bai kamata a yi wannan aiki a kan wutar layi kai tsaye ba. A jona ta da na'urar UPS mai lafiyayyen batiri, ko inbata mai caji. A gwada UPS ɗin tukuna: a zare filoginta daga bango yayin da kwamfutar ke kunne, a ga ko za ta riƙe minti goma sha biyar. Na'urori da yawa a ofisoshi batirinsu ya mutu tun tuni, ƙara kawai suke yi. Janareta ma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, domin mai na iya ƙarewa, kuma sauya layi daga janareta zuwa wutar gari yana katse wuta. A guji lokacin hadari da tsawa.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi sauƙi idan batirinta na da rai. A cika ta da caji, a bar caja a jone. Manhajojin kamfanoni da dama ba sa yarda su fara aikin idan caji ya yi ƙasa. Akwai dabarun tsallake wannan shinge da ake yaɗawa a intanet, amma wanda batirinsa ya mutu ya fi masa alheri ya sauya batirin.

Hanyoyin ɗorawa

Ga kwamfutar tebur da aka harhaɗa, hanya mafi aminci ita ce ta cikin BIOS ɗin kanta. A tsara filashi da tsarin FAT32, a warware fayil ɗin da aka sauke daga ƙunshinsa, a kwafa shi a kai. A sake kunna kwamfuta ana danna Del ko F2, a nemi kayan aikin sabuntawa: EZ Flash a allunan ASUS, Q-Flash a Gigabyte, M-Flash a MSI, Instant Flash a ASRock. A zaɓi fayil ɗin, a sake duba sunansa, a amince.

Wasu alluna na da maɓalli na musamman a bayan akwati, wanda ke ɗora manhaja ko da babu farosesa a kai. A nan kwamfutar tana kashe amma tana jone da wuta, filashin na shiga wani rami da aka yi wa alama, kuma dole a sauya wa fayil ɗin suna yadda littafin allon ya faɗa. Fitila za ta riƙa ƙyalli har sai aikin ya kammala.

Kwamfutocin HP, Dell da Lenovo galibi suna karɓar sabuntawa ta manhajar kamfanin a cikin Windows, ko ta Windows Update, sai na'urar ta sake tashi ta ƙarasa aikin da kanta. Masu Linux suna da manhajar fwupd da ke yin irin wannan ga na'urori da dama.

Kowace hanya aka bi, doka ɗaya ce: da zarar an fara, kada a taɓa komai. Kada a zare filashi, kada a rufe murfin kwamfuta, kada a danna maɓallin wuta. Fuskar kwamfuta na iya yin duhu, fanka ya yi ƙara, na'urar ta mutu ta tashi sau biyu ko uku. Allunan da ke amfani da RAM na DDR5 kan ɗauki mintoci suna daidaita ta a tashin farko. Sau da yawa rashin haƙuri a wannan gaɓa ne ke lalata allo.

Bayan an gama

A koma cikin BIOS a tabbatar sabuwar lamba ta bayyana, a zaɓi mayar da saiti na asali, sannan a dawo da abubuwan da aka ɗauki hotonsu: jerin ma'ajiyar da za a tashi daga kanta, saurin RAM na XMP ko EXPO, yanayin SATA, da TPM da Secure Boot waɗanda Windows 11 ke dogaro da su. Idan Windows ta ƙi tashi bayan sabuntawa, galibi ɗaya daga cikin waɗannan ne ya sauya, musamman yanayin SATA. Bayan komai ya daidaita, a sake kunna BitLocker.

Idan aikin ya katse

Allon da ya ƙi tashi ba lallai ne ya mutu ba. A fara zare wuta, a cire ɗan batirin CR2032 mai kama da kwabo na 'yan mintoci, a mayar. Wannan yana goge saiti ne kawai, ba ya gyara manhajar da ta lalace. Idan bai yi ba, maɓallin bayan akwati kan iya sake rubuta guntun, kuma wasu allunan Gigabyte na da guntu na biyu na ko-ta-kwana. Kwamfutocin HP da yawa na fara ceto idan aka riƙe maɓallan Windows da B yayin kunnawa, na Dell kuma Ctrl da Esc.

Idan duk waɗannan sun gaza, ƙwararrun masu gyara a kasuwanni irin su Computer Village a Ikeja, Farm Centre a Kano da Banex a Abuja suna da na'urar da ke rubuta manhaja kai tsaye a kan guntun. Mai kwamfuta ya nemi a fara adana kwafin abin da ke cikin guntun, domin a kwamfutocin tafi-da-gidanka nan ne lambar na'ura da lasisin Windows suke. Ya kuma sani cewa takardunsa da hotunansa suna nan a ma'ajiya ba abin da ya same su, don haka babu dalilin amincewa a goge ma'ajiyar da sunan gyaran allo.