Ku san haruffan abincin bisashe

Ya ku manoma da makiyayan Tebaram da sauran arewacin Adar, rani a ƙasarmu wata 9 ne. Fari na 1973 da na 1984 sun koya mana cewa yunwar bisa yunwar gida ce. Idan ma'aikatan kiwo na Tawa suna lissafin abincin bisashe, da Faransanci suke rubutawa, kuma suna gajarta kalmomi. Ga ma'anar huɗu daga ciki.

MS: Wannan shi ne abin da ya rage cikin ciyawa in an raba ta da ruwa. Ɗanyar ciyawar damina kilo 100, wajen kilo 75 ruwa ne. Busasshiyar harawa kuwa, kusan kilo 90 cikin 100 duk abinci ne. Da MS ake auna abin da bisa ta ci da gaske.

UF: Ma'aunin ƙarfin abinci ne. UF 1 daidai yake da ƙarfin da ke cikin kilo 1 na sha'ir. Masanan Danmak da na Suwidin, irin su Nils Hansson, su ne suka fara wannan awo, sannan Faransa ta ɗauka. Mu ba mu noma sha'ir, amma ma'aunin yana mana amfani. Kilo 1 na dusa ya kusa UF 1. Karan hatsi kuwa sai an tara wajen kilo 3.

MAD: Abin gina jiki ne wanda cikin bisa ke iya narkarwa. Shi ke sa nama da nono. Akwai shi da yawa cikin tunkuza, angurya, harawar wake, harawar gyaɗa da ƴaƴan gawo. Busasshen kara kusan babu shi. Shi ya sa saniya kan cika ciki da kara, amma tana ramewa.

UBT: Bisa ce ta misali, mai nauyin kilo 250. Tana bukatar busasshen abinci kilo 6 da kwata kowace rana. A kwana 270 na rani ya kama kusan kilo 1.700. Mai shanu biyar manya ya yi lissafi da kansa tun kaka, ya ga ko abin da ya tara zai kai shi damina.

Ga shawara:

1. Ku tara kara da harawa da wuri, ku adana su inda rana da gara ba su kai ba.

2. In kuɗi kaɗan ne, ku sayi abin da ke da MAD, tunda kara kuna da shi a gida. Ku fara ba shanun tatsa, masu ciki da shanun noma.

3. Sabon abinci a fara shi kaɗan-kaɗan, har ciki ya saba.

4. Kada a ba kaji da ƙananan maruƙa angurya, tana cutar da su.

5. Ku buɗe buhu kafin ku biya. In ya yi fumfuna ko yana wari, ku bar shi.

6. Kada a manta da gishiri, kanwa da ruwan sha.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma da lissafin kaka ake fita rani. Allah ya ba mu damina mai albarka.