Onyeka Onwenu: Mawaƙiyar da Ta Shiga Fim ta Ƙofar Iyaye Mata

A harkar fim, ko ta Kudu ko tamu ta Kano, mace da ƙuruciyarta take shigowa. Za ta yi 'yan shekaru ana rububinta, fuskarta na kan kowace fasta, har ranar da darakta zai kira ta ya ce akwai rol ɗin uwa. Da yawa daga nan suke fara tattara kayansu. To, ta wannan ƙofa da wasu ke ficewa Onyeka Onwenu ta shigo. Lokacin da ta fara fim ta haura shekara 40, sunanta ya riga ya karaɗe Najeriya ta hanyar waƙa, ga furfurar nan da ta fito mata gefe guda a gaban kai, wadda ta ƙi rinawa har ta zama tambarinta. Ba ta zo neman suna ba, da abinta ta zo. A ganina shi ya sa uwayen da ta fito a matsayinsu suka bambanta da na sauran.

An haife ta ranar 31 ga Janairun 1952. 'Yar asalin Arondizuogu ce a jihar Imo ta yanzu, amma a Fatakwal ta tashi. Mahaifinta, D.K. Onwenu, malamin makaranta ne kuma ɗan siyasa, ya rasu a hatsarin mota tana da shekara 4, aka bar mahaifiyarta da rainon yara ita kaɗai. Tana da shekara 15 yaƙin basasa ya ɓarke. Bayan yaƙin ta tafi Amurka, ta yi digiri a kwalejin mata ta Wellesley, ta ƙara na biyu kan aikin yaɗa labarai a New York, ta taɓa aiki a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1980 ta dawo gida bautar ƙasa, aka tura ta gidan talabijin na NTA a Legas.

Mutane kan manta cewa 'yar jarida ce kafin komai. A 1984 aka nuna wani shiri na haɗin gwiwar BBC da NTA wanda ita ta gabatar, mai suna Nigeria: A Squandering of Riches, kan yadda aka yi facaka da kuɗin man fetur. Shirin ya fito ne daidai lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, ƙasa na ta tambayar ina dukiyar ta shige. Wanda ya kalle shi ko a yau zai ga matashiya tsaye gaban manyan mutane tana jefa musu tambaya, idonta cikin nasu, ba rawar murya. Wannan tsayuwa da wannan kallo su ne ta ɗauka ta kai fim daga baya. Babu makarantar wasan kwaikwayo da ta koya mata su.

Waƙa kuwa tun tana NTA ta fara. Kundinta na farko ya fito a 1981, na biyu kuma Sonny Okosun ne ya tsara mata shi. Da farko salon Turawa ya fi yawa a kiɗan nata, sannu a hankali ta karkato gida, tana haɗa Ingilishi da Ibo. A 1986 ta saki One Love, waƙar da ta fi kowace shahara a cikin waƙoƙinta. Duk wanda ya girma a gidan da ake kunna NTA a wancan zamani, ko a Sakkwato yake ko a Yola, ya ji ta, ko da bai san sunan mai ita ba. Tasha ɗaya ce ke haɗa ƙasar da daddare, saboda haka wanda tashar ta ɗauka ya shiga kowane falo.

A 1989 ta yi abin da ba kowace mawaƙiya za ta yarda ta yi ba. Ita da King Sunny Ade, sarkin kiɗan juju na Yarbawa, suka yi waƙoƙi kan tsarin iyali da kamun kai ga matasa, da tallafin wani shiri na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Batu ne da ko a Legas ake kewaye shi a lokacin, balle a nan. Ta kuma yi wa Winnie Mandela waƙa tun mijinta yana kurkuku.

Me ya kai ta fim? Amsar tana cikin kasuwa. Shigowar shekarun 1990 harkar faifai ta durƙushe a Najeriya: darajar naira ta zube, masu satar fasaha suna buga kaset su sayar kafin mai waƙa ya ga kwabo, manyan kamfanonin waƙa na ƙasashen waje suka sayar da hannun jarinsu suka kama gabansu. A daidai wannan lokaci wata kasuwa ta buɗe. Fim ɗin Ibo na Living in Bondage ya fito a kaset ɗin bidiyo a 1992, 'yan kasuwar Idumota da Onica suka ga akwai kuɗi a ciki, suka shiga neman fuskokin da za su sayar musu da kaya. Fuskar Onyeka kuwa ba ta buƙatar gabatarwa. Fim ɗinta na farko shi ne Nightmare na Zik Zulu Okafor, inda ta fito a matsayin matar da ba ta samu haihuwa ba, ta tsinci jaririn da aka yar ta raina. A 1999 ta fito tare da Nkem Owoh a Conspiracy, aka sake rera wata tsohuwar waƙarta aka sa a fim ɗin. Furodusa ya samu jaruma da mawaƙiya a kuɗi ɗaya.

A nan akwai bambanci da abin da muka saba. A finafinan Hausa, kamar na Indiya, mai murya daban, mai fitowa daban: mawaƙiya tana sutudiyo, jaruma tana motsa baki a lambu, kuma sau da yawa mai kallo bai san fuskar wadda muryarta ta sa shi sayen kaset ɗin ba. Onyeka ba ta taɓa zama murya a bayan labule ba.

Ba ta da sauƙin kai, kuma ba ta ɓoye hakan ba. A 2000 ta yi zaman dirshan da yajin cin abinci a ƙofar NTA, gidan da ya fito da ita, kan amfani da waƙarta ba tare da biyan haƙƙinta ba. Shekara biyu kafin nan kuma ta sha suka saboda ta yi waƙa a gangamin Abuja na masu neman Abacha ya zarce, ko da yake ta ce ba da sunan tazarce aka gayyace ta ba. Ta nemi shugabancin ƙaramar hukumarsu ta Ideato ta Arewa ba ta samu ba. A 2013 gwamnatin Jonathan ta naɗa ta shugabar Cibiyar Bunƙasa Mata ta Ƙasa da ke Abuja, ta riƙe har 2016.

Duk da wannan kai-komo ba ta bar fim ba. A 2006 ta lashe kyautar finafinan Afirka ta AMAA ta gwarzuwar mataimakiyar jaruma. Amma idan za a ba ni zaɓin rol ɗaya, na Half of a Yellow Sun zan ɗauka, fim ɗin 2013 da Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya shirya daga littafin Chimamanda Adichie. Ta fito a matsayin uwar Odenigbo, malamin jami'a da Chiwetel Ejiofor ya taka. Tsohuwa ce daga ƙauye, ta zo ta tarar ɗanta yana zaune da 'yar boko 'yar masu kuɗi, ta ƙi ta ƙememe, ta zo da yarinyar ƙauye ta cusa masa. Muguwar uwar miji ba baƙuwa ba ce a finafinanmu, an saba a ba ta harara da ihu a ce an gama. Onyeka ta bar wa tsohuwar nan dalilinta: tsoro ne ke cin ta, na kada boko ya ƙwace mata ɗa, ta mutu ba ta ga jika ba. Kana jin haushinta kana kuma gane ta. Ga shi kuma yaƙin basasar da fim ɗin ke ba da labarinsa, yawancin 'yan wasan karanta shi suka yi, ita kuwa a cikinsa ta yi 'yanmatancinta.

Masu kallo a Arewa sun fi saninta da Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda ya fito a 2018, Netflix ta saye shi. Labarin kamfanin motocin haya ne a Inugu da bashi ya yi wa katutu, mafita ta zo ta hanyar haɗewa da kamfanin wani Alhaji Maikano na Kano. Sani Mu'azu ne Alhajin, Yakubu Muhammad ɗansa, wanda shi ma da waƙar fim aka fara saninsa. Onyeka ce ta fito a matsayin matar mai kamfanin na Inugu, wanda Pete Edochie ya taka, uwar gida. Ba a ba ta dogon zance ba. Mafi yawan aikinta zama ne a teburin abinci da lallashin 'yarta, amma in tana wuri sai ka yarda gidan gida ne, mutanen nan kuma sun daɗe tare. Najeriya ta miƙa fim ɗin gasar Oscar, a 2019 aka cire shi saboda Ingilishi ya yi yawa a ciki.

A 2020 ta fitar da littafin tarihin rayuwarta. Ranar 30 ga Yulin 2024 ta yi waƙa a bikin cikar Stella Okoli, mai kamfanin magunguna na Emzor, shekara 80 a Legas. Ta gama, ta sauko, ta yanke jiki ta faɗi, a asibiti aka tabbatar da rasuwarta tana da shekara 72. Tun da ranta ta rubuta a jarida cewa in ta mutu a binne ta da wuri, ba hayaniya, ba almubazzaranci. Bayan wata guda aka yi jana'izarta a Legas. A wurinmu wata guda ba gaggawa ba ce, amma a yankin da gawar babban mutum kan yi watanni a asibiti ana tara kuɗin biki, iyalanta sun yi ƙoƙarin cika mata wasiyya.