Gwiwa Ta Gaji, Ido Bai Gaji Ba: Mu Riƙe Masu Amosanin Gaɓɓai A Cikin Sana'a

Duk wanda ya saba shiga kasuwar bisashe ya san mutumin da za mu yi magana a kansa. Shi ne dattijon nan da ke raɓe a gindin dogon yaro, sanda a jingine, gwiwa ɗaure da ƙyalle. Shekara da shekaru ya yi yana koro shanu a ƙasa daga su Tanut da Abalak zuwa bakin iyaka, ko kuwa yana kokawa da bijimai wurin loda su a kamiyo. Yau in ya durƙusa sai an kama shi kafin ya tashi. Maigidansa kuma ya ce masa, "Haba baba, ai ka yi naka, koma gida ka huta mana." Maganar da daɗin ji, amma fa hutun da babu hatsi a rumbu kora ce da lalama.

Abin da ya zaunar da shi, shi ne amosanin gaɓɓai, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi. To sai dai ciwon ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne na zaizayewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, saboda shekaru, da ɗaukar nauyi, da tsohon rauni irin su harbin sa ko faɗuwa daga mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 528 ne ke fama da shi, kuma gwiwa ya fi kamawa. Akwai wanda ke kumbura yatsun hannu biyu, mutum ya tashi da safe hannu a sandare. Akwai kuma wanda ke sauka cikin dare a babban yatsan ƙafa kamar an ɗora garwashi, kuma yawan cin nama da kayan ciki na tayar da shi.

Na huɗun shi ne namu na gida, watau bakkale. Cutar nan da ke sa saniya ɓari ko kumburin gwiwa tana kama mutum ta hanyar shan ɗanyen nono, ko taɓa mahaifa da ɗan ɓari da hannu tsirara. Sai zazzaɓi mai zuwa yana dawowa, da gumin dare, da ciwon ƙugu da gaɓɓai. Ita wannan tana jin magani: ana gwada jini, a haɗa wa mutum magani iri biyu ya sha aƙalla mako 6. Ke nan ana iya sallamar mutum daga aiki a kan ciwon da zai warke. Saboda haka matakin farko shi ne zuwa wurin likita, a bar dogaro da ƙwayoyin 'yan tebur. Diklofenak da ire-irensa in aka dimance su suna cin ciki su taɓa ƙoda, shi kuwa tramol kowa ya ga abin da ya yi wa samarinmu.

In likita ya ce zaizayewa ce, to ba ta komawa yadda take, amma ana zama da ita a ci gaba da neman abinci. A nan ne maganar gyara wa mutum aiki ta shigo. Tun a 1983 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 159, wadda manufarta ita ce mai larura ya samu aikin da ya dace da shi, ya riƙe shi, ya kuma ci gaba a cikinsa. Hanyar ita ce a zauna da mutum a rarrabe aikinsa: wanne ɓangare ne ke ƙara masa ciwo, wanne ne har yanzu ya fi kowa iyawa? Sai a rage na farko, a ƙarfafa na biyu, in da hali a koya masa wani sabo.

Mu kuwa sana'armu ta fi kowace dacewa da wannan. Wanda ya yi shekara talatin a bayan shanu, kallo ɗaya zai yi wa sa ya faɗi naman da zai bayar, ya buɗe baki ya ƙirga shekarunsa, ya gane wanda aka ɗura wa ruwa don ya cika ido. Ya san rijiyoyin hanya, ya san masu masauki, ya san shaidar garken kowa. Irin wannan zai yi dillanci yana zaune, zai tsaya shaidar ciniki, zai ƙirga shanu a bakin kamiyo, zai bi sawun sa da ake zargin na sata ne ta wayar salula, zai kuma horar da yaran koro. Ai da tsohuwar zuma ake magani.

Sauran gyare-gyaren ba su da tsada. Benci mai ɗan tudu ya fi masa tabarma, domin tashi daga ƙasa shi ke cin gwiwa. Sanda a riƙe ta a hannun da ba ɓangaren ƙafar mai ciwo ba. Takalmi mai taushin ƙasa, da wurin lodi mai gangare maimakon tsalle daga bayan mota. Masu gashi na asibiti, waɗanda ake ce wa kine, suna koyar da motsa jikin da ke ƙarfafa naman cinya, wanda shi ke tallafar gwiwa. Kwanciya gaba ɗaya ƙara sandarar da gaɓa take yi. Alhazanmu masu teɓa kuma su sani, rage ƙiba na rage wa gwiwa kaya sosai.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin rassa da su rubuta sunayen irin waɗannan mutane a kowace kasuwa, a ware wani abu daga kuɗin asusu don gwajin jini da kuɗin mota zuwa asibiti, kuma in gurbin aikin zaune ya samu a fara tuna su. Ku kuma iyayen gida, kafin ku ce wa mutum ya je ya huta, ku tambaye shi tukuna, "Baba, wane aiki kake ganin za ka iya?" Yaran da ke lodi yau suna kallon yadda ake yi da na gabansu. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.