Ɗaga Jif da Zaɓen Taya: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Je Gareji

Duƙa a bayan Hilux ko Land Cruiser ka leƙa ƙarƙashinta. Abin da ya fi komai kusa da ƙasa shi ne ƙullun ƙarfen nan da ke tsakiyar aksul na baya, inda farfela take shiga. Shi ne ke hawa kan tudun tsakiyar hanya idan manyan motoci sun haƙa kwari biyu da damina, a bar mota a zaune, tayoyi na ta juyawa a banza. Sifirin kuwa tsakanin aksul da jikin mota yake aiki. Duk tsawon da aka ƙara masa, jiki ne ke tashi sama, ƙullun yana nan inda aka same shi. Taya ce kaɗai ke iya ɗaga shi. Mutane da yawa sai sun gama biyan kuɗin aikin ƙafa suke gane wannan, kuma abin yana damuna, domin kuɗin ba kaɗan ba ne.

Ita ma tayar ba kyauta take bayarwa ba. A ɗauki wadda aka rubuta wa 265/65R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita. Faɗinta milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, wilin kuma inci 17. Idan aka haɗa, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776 ne. A sauya ta da 285/70R17, tsayin ya koma wajen 831. An samu ƙarin milimita 55, amma rabinsa kawai ke zuwa ƙarƙashin aksul, wato 27, kimanin inci ɗaya. Inci ɗayan nan yana iya raba wanda ya wuce da wanda ya kwana a daji, ban musa ba. Sai dai a madadinsa maleji zai fara rage gaskiya: yana nuna 100, motar tana gudun kilomita 107 a awa. Injin zai ji nauyi wajen tashi da hawan tudu, shan mai zai ƙaru, birki kuma zai buƙaci tazara fiye da da.

Wannan ba ya nufin ɗaga mota ba shi da amfani. Yana nisanta ciki da hanci da gindin mota daga ƙasa, ta yadda za ta gangara rafi ta hau gaɓa ba tare da bamba ta daki ƙasa ba. Yana buɗe wa babbar taya wuri. Babban amfaninsa a ganina shi ne ɗaukar kaya. Motar da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma tana ɗauke da durom na mai, jarkokin ruwa, safaya biyu da mutane, sifirin ɗinta na kamfani ya riga ya kwanta tun kafin ta bar gari. Irin wannan mota ƙarfin sifirin take buƙata, tsayin ƙari ne kawai. Shi ya sa kamfanonin da suka san aikin, irin su Old Man Emu na Ostireliya, suke sayar da sifirin iri-iri ga mota guda, gwargwadon nauyin da take ɗauka kullum. Wanda ya sa na ɗaukar kilo 400 a motar da ke yawo ba kaya, bayanta zai riƙa tsalle a kan burji, ƙugunsa kuma ya gaya masa. Saboda haka a fara da sikeli: a loda mota yadda aka saba, a auna ta, sannan a ɗauki tef a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen jikin mota a duk ƙafa huɗu, a rubuta. Sai dai sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara iyakar nauyin da kamfani ya yanka wa aksul da birki.

Milimita 50, wato inci 2, shi ne ma'aunin ɗaga mota da masu wannan sana'a suka fi tsayawa a kai, kuma da dalili. Hilux ta zamani ba ta da aksul guda a gaba. Kowace ƙafa zaman kanta take, kuma shaf mai gwiwa ne ke kai mata ƙarfi. Da zarar an ɗaga ta, gwiwar nan za ta riƙa aiki a karkace. Idan aka zarce, robar da ke rufe ta ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas idan ka karya sitiyari. Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, aksul guda take da shi gaba da baya, don haka ta fi haƙuri, amma ita ma idan aka ɗaga ta sitiyarinta kan fara yawo a kan kwalta har sai an gyara kwanar ƙafar gaba. Akwai kuma wani ɗan bawul a tsofaffin a-kori-kura da ake yawan mantawa da shi. Yana auna tazarar jiki da aksul na baya don ya san nauyin kaya, ya raba ƙarfin birki. An ɗaga mota ba a daidaita shi ba, zai ɗauka ba kaya ko da ta cika maƙil, ya rage wa baya birki.

Hanyar araha, wato cusa ƙarfe a ƙarƙashin sifirin ko a kan shokazoba, tsayi kawai take ba da wa ido. Ba ta ƙara ƙarfin ɗaukar kaya, kuma shokazoban da bai dace da sabon tsayin ba zai riƙa miƙewa har ƙarshe a kowane rami. A ƙafar gaba ta mota mai sifirin ɗin faranti kuwa, kada a kuskura a sa irin wannan ƙarfe.

Haɗarin da ya fi girma shi ne kifewa. Mota mai tsayi kamar mai tallan da ya jera kaya a ka ne, kauce wa akuya ɗaya ya isa. Abin da ya faru a Amurka ya isa darasi. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a kan jif ƙirar Ford Explorer, saboda fatar tayar tana ɓarewa ana cikin gudu, motar ta wuntsila. Mutane da dama sun rasu. Matsalar ta fi yawa a jihohi masu zafi, an kuma gan ta a Saudiyya da Benezuwela. Zafi, ƙarancin iska, gudu da doguwar mota ne suka haɗu. Duk huɗun muna da su a watan Afrilu, ga kuma kaya a kan rufi.

Wajen zaɓen taya, zanen da ke kanta ne ke jan ido, amma rubutun gefe ya fi shi muhimmanci. Mai manyan haƙora ta laka ce: tana aiki a fadama da taɓon damina, amma a kwalta tana kuka, tana saurin cinyewa, kuma ba ta riƙe jiƙaƙƙen titi sosai. A rairayi kuma, idan direba ya matsa mata wuta, haƙa take yi ta binne kanta. Ga mafi yawan masu jif, mai matsakaicin zane da ake rubuta wa AT ta wadatar. A nemi harufan LT, alamar cewa an yi ta da ƙarfin ɗaukar kaya, ta fi jure ƙaya da dutse. A duba lambar nauyi: 112 na nufin kilo 1,120 a kan taya guda, 121 kuma kilo 1,450. Sannan a nemo lambobi huɗu na ƙarshe bayan harufan DOT. Idan an ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. 'Yar gwanjo tana iya zuwa da zane kamar sabuwa alhali robarta ta bushe. Lanƙwasa gefenta da hannu, za ka ga ƙananan tsage sun buɗe baki. Wili mai inci 20 kuwa a bar wa 'yan birni. Direbobin Sahara sun daɗe a kan wili mai inci 16 da siririyar taya 7.50R16, domin gefenta dogo ne, akwai abin da zai lotsa.

Lotsawar nan ita ce sirrin rairayi. Idan aka sauke iska zuwa wajen 16 ko 18 a geji, tafin tayar yana ƙara tsawo a ƙasa, nauyi ya bazu, motar ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Wannan dabara ba ta cin ko sisi, kuma a yashi ta fi kowane irin ɗagawa aiki. Sharaɗinta biyu ne: a tafi a hankali ba tare da karya sitiyari da ƙarfi ba, don kada taya ta zame daga wili, kuma a mayar da iska kafin a hau kwalta. Mai faci ba ya zama a tsakiyar daji, don haka famfo da geji su zauna a cikin mota. Tayoyin duka, har da safaya, su zama girma ɗaya, in ba haka ba giya ce za ta biya idan aka sa ta ja da ƙafa huɗu.

Ranar da za a yi aikin, ka tsaya kusa da bakanike. Ka ce masa: "Maigida, kada a ɗaure notocin bushin sai an sauke ta daga jak." Idan aka ɗaure su mota na rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni. A duba ko tiyon birki na baya yana da sauran sassauci idan ƙafa ta sauka har ƙarshe. A murza sitiyari dama da hagu a ga ko taya na gugar jiki. Daga gareji a wuce wurin alaimen, a saita fitilun gaba don kada su riƙa kashe wa masu tahowa ido. Bayan tafiyar kilomita 500 zuwa 1,000, a koma a sake ɗaure notocin da ke riƙe sifirin da aksul, domin sabon faranti yana zama, su kuma su saki.