Gidajen tarihi na birnin Akara

Akara babban birnin ƙasar Gana ne. Tsofaffin fatake suna kiran shi Ankara. Birnin yana bakin tekun Atalantika. Ƴan ƙasa na asali su ne kabilar Ga. A shekarar 1877 Turawan Ingila suka maida Akara hedikwatar mulkinsu.

A cikin Akara akwai unguwannin baƙi da ake kira zango. Malam Naino, mutumin Katsina, ya kafa zango a tsakiyar gari a ƙarshen ƙarni na 19. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Daga baya aka samu Nima da Mamobi. A waɗannan unguwanni, Hausa ce harshen ciniki da gaisuwa. Akwai kuma Tudu, unguwar kasuwa da tashoshin mota. Sunanta ma kalmar Hausa ce.

Yaro yana iya girma a Tudu bai taɓa shiga gidan tarihi ba, alhali daga can tafiyar ƙafa ce. Wannan asara ce, don a cikin waɗannan gidaje akwai labarin garinsa da na kakanninsa.

Mene ne gidan tarihi?

Gidan tarihi wuri ne da ake ajiye kayan mutanen da, don na baya su gani su sani. Ba a sayar da kayan da ke ciki. Kusa da kowane abu akwai ƴar takarda mai faɗin sunansa, da inda aka samo shi, da zamaninsa. A Yamai akwai gidan tarihi na Bubu Hama. A Kano akwai Gidan Makama.

Gidan zane-zane kuwa wuri ne da ake nuna aikin masu zane da masu sassaƙa. A nan, sau da yawa mai kuɗi yana iya sayen abin da ya ba shi sha'awa.

Gidan tarihi na ƙasa

Wannan gida yana arewa da Tudu, ba nisa. An buɗe shi ranar 5 ga Maris 1957, ana gobe Gana za ta samu ƴancin kai. An rufe shi a 2015 don gyara, aka sake buɗewa a 2022.

A ciki akwai makaman dutse, da tukwane, da ganguna, da duwatsun wuya. Akwai kujerun katako na sarauta, da saƙin kente mai launi iri-iri. Akwai kuma ƙananan ma'aunai na tagulla waɗanda Asantawa suke auna garin zinariya da su. Wasu an yi su da siffar tsuntsu ko kifi ko mutum.

Ɗan zango ya kamata ya tsaya nan ya yi tunani. Fataken Hausa sun daɗe suna zuwa Gwanja. Suna kawo kanwa, da fata, da tufafi a kan jakuna, su koma da goro daga kurmin Asante. Tafiyar takan ɗauki watanni. Wannan fatauci shi ne tushen zanguna da yawa na ƙasar Gana.

Makwancin Kwame Nkrumah

Daga Tudu, in aka gangara kudu wajen teku, sai a iske wani babban lambu. A da, filin wasan dawaki ne na Turawa. A wannan fili ne Kwame Nkrumah ya shelanta ƴancin Gana ranar 6 ga Maris 1957. A daren nan yana sanye da taguwar saƙi irin ta mutanen arewa.

Sojoji sun kifar da gwamnatinsa a 1966, ya rasu a ƙasar waje a 1972. A 1992 aka buɗe wannan lambu don tunawa da shi. Kabarinsa yana nan, tare da na matarsa Fathiya, mutuniyar Masar. Akwai ɗakin da aka ajiye hotunansa da littattafansa. Akwai kuma wani mutum-mutuminsa da aka sare wa kai lokacin juyin mulki. Ba a ɓoye shi ba, don shi ma shaida ne.

Sansanonin bakin teku

In aka bi titi aka yi yamma, sai a shiga tsohon gari. A nan akwai manyan gine-gine biyu masu kaurin katanga. Na farko shi ne sansanin Ussher. Mutanen Holan suka gina shi a 1649, ya koma hannun Ingila a 1868. Na biyu shi ne sansanin James, wanda Turawan Ingila suka gina a 1673. Can gabas, a unguwar Osu, akwai na uku, na mutanen Danmak.

Turawa sun gina sansanonin nan don ciniki. Sun sayi zinariya, sun kuma sayi mutane. Ana tsare bayi a ɗakuna masu duhu har jirgin ruwa ya zo. Daga nan sai a ƙetare teku da su zuwa ƙasashen Amurka. Da yawa sun mutu a hanya. Sauran ba su sake ganin gida ba.

Wasu daga cikin bayin daga arewa aka kamo su. Ba Turawa kaɗai suka yi wannan mugun ciniki ba. Sarakuna da fataken Afirka ma sun sa hannu. Garin Salaga, inda Hausawa suke sayen goro, babbar kasuwar bayi ce a ƙarni na 19. A tsohon garin Akara ma akwai kasuwa mai suna Salaga. Labarin ba shi da daɗin ji, amma gaskiya ne, kuma wajibi ne a san shi.

Ingila ta hana cinikin bayi a 1807. Daga baya aka maida sansanonin biyu gidajen kaso. Nkrumah kansa an tsare shi a sansanin James a 1950. Yana ciki jam'iyyarsa ta ci zaɓe, aka sake shi a 1951. A 1979 hukumar UNESCO ta sa sansanonin Gana cikin kayan gadon duniya. A 2007 aka buɗe ɗakin tarihi a sansanin Ussher.

Kusa da sansanin James akwai doguwar hasumiya mai launin ja da fari. An gina ta don fitilarta ta nuna wa jiragen ruwa hanya da dare.

Masu zane na yau

Tarihi bai ƙare da mutanen da ba. A gabashin gari, bakin tekun La, akwai gidan zane-zane mai suna Artists Alliance. Ablade Glover ne ya kafa shi. An haife shi a Akara a 1934. Ya yi suna wajen zana kasuwanni da taron jama'a. In aka matsa kusa da zanensa, fenti kawai ake gani. In aka ja da baya, sai mata masu talla da rumfuna su bayyana.

Ƴan zango ma suna da nasu masu zane. A Nima akwai ƙungiyar matasa mai suna Nima Muhinmanchi Art. Suna zane a jikin katangun unguwa, suna kuma koya wa yara. Ɗaya daga cikin sanannun masu zanen Nima shi ne Mohammed Awudu. Mai wucewa yana kallon aikinsu kyauta.

Ladabin ziyara

Mai ziyara ba ya taɓa kayan tarihi, don gumin hannu yana ɓata su. Ba ya gudu, ba ya ɗaga murya, ba ya rubutu a bango. Yana neman izini kafin ya ɗauki hoto. Yana sauraron jagora, ya yi tambaya in bai gane ba. Ɗalibin kirki yana zuwa da littafi da fensir. Ya zaɓi abu guda, ya dube shi sosai, ya tambayi kansa: wa ya yi wannan? Da me aka yi shi? Me ake yi da shi? In ya koma gida, sai ya tambayi tsofaffi abin da suka sani. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ma'anar kalmomi

Fatake: ƴan kasuwa masu tafiya mai nisa cikin ayari.
Sansani: wurin da mayaƙa suke zama su kare kansu.
Hasumiya: dogon gini siriri.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gidan tarihi da gidan zane-zane?
2. Me fatake suke kaiwa Gwanja, me suke kawowa?
3. Su wa suka gina sansanin Ussher, a wace shekara?
4. Don me ba a ɓoye labarin cinikin bayi ba?
5. Nemi wani tsohon abu a gidanku, ka rubuta labarinsa cikin jimloli biyar.