Abin Da Ya Sa Zaƙin Masara Ba Ya Kwana

A ƙasar Amurka, daga watan Yuli zuwa farkon Satumba, watau lokacin da damina ta yi tsaka a ƙasar Hausa, su kuwa suna cikin zafinsu, da wuya a shirya cin abinci a fili ba a ga masara a kan tebur ba. Sukan dafa ta da totuwarta, su tsame ta tana tururi, su shafe ta da man shanu, su barbaɗa gishiri kaɗan, sa'an nan kowa ya kama tasa da hannu biyu ya yi ta gaigaya. Ba ita ce uwar abinci ba, rakiya ta ke yi wa gasasshen nama ko kaza. Amma duk da haka, ran 4 ga watan Yuli, ranar da su ke bikin samun mulkin kansu, gidan da aka rasa ta sai a ga kamar bikin bai cika ba.

Tsofaffin manoman ƙasar suna da wata al'ada mai ban dariya ga baƙo. Sukan ce kada mutum ya nufi gona karyo masara sai ya ga ruwan tukunyarsa ya tafasa, in ya karyo kuwa ya komo gida da gudu. Wanda ya ji wannan sai ya ɗauka zumuɗin maciyi ne kurum. Ashe akwai ilmi a ciki, kuma masana sun auna abin sun tabbatar manoman nan suna da gaskiya. Dalilin wannan gudu shi ne abin da shirin yau zai bayyana.

Asalin masara dai daga kudancin Meziko ne. Can ne, wajen shekara 9,000 da suka wuce, mutane suka fara noma wata ciyawar daji da a ke kira teosinte, suka yi ta zaɓen iri har ta zama masarar da aka sani. Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 ne ta haye teku, ta bazu cikin Turai da Afirka da Asiya. Yawancin masarar da a ke nomawa a duniya ta gari ce, wadda a ke bari ta bushe a kara, a sussuke, a niƙa, a yi tuwo ko koko, ko a ba dabbobi. Wadda Amurkawa su ke shafa wa man shanu iri ne dabam, ana ce da ita masara mai zaƙi, kuma ɗanya a ke karyarta.

Domin a gane bambancinsu, sai a duba yadda ƙwayar masara ta ke samuwa. In masara ta yi goyo, sai gemu ya fito a bakin goyon. Ko wane silin gemu yana haɗe da gurbin ƙwaya guda. Iska ta kwaso bununi daga furen da ke bisa kan kara, ta zuba a kan gemun, silin da ya samu sai ƙwayarsa ta fara girma, wanda bai samu ba kuwa a tarar da giɓi a wurinsa. Daga nan ganyaye su kama aiki. Suna haɗa iska da ruwa da ƙarfin hasken rana su yi sukari, su aika da shi cikin ƙwaya. To, a cikin ƙwayar akwai waɗansu ƙananan ma'aikata waɗanda ido ba ya gani, masana suna kiransu enzayim. Aikinsu su kama sukarin nan su yi ta ɗaura shi, ɗaya a jikin ɗaya, kamar mai zuba duwatsu a tsakiya, har ya zama sitaci, watau garin da ke cikin ƙwaya. Sukari yana da zaƙi a harshe, sitaci ba shi da shi, amma shi ya fi jure ajiya, shi ne kuma guzurin da tsiro zai ci ran da aka shuka irin.

Masara mai zaƙi kuwa tana da wata naƙasa cikin ƙwayoyin gadonta, wadda ta sa ma'aikatan nan ba su iya gama aikinsu sosai. Sabo da haka sukari ya kan taru a ƙwayar, kamar yadda ya ke taruwa a karan rake ko takanɗa. Amma kwanakin daɗinta kaɗan ne. Wajen kwana 20 bayan fitowar gemu ƙwaya ta kan cika da wani farin ruwa mai kama da madara, fiye da kashi 70 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Nan ne lokacin karya. In aka yi sauri a tarar da ruwa tsararo marar ɗanɗano, in aka yi jinkirin 'yan kwanaki a tarar ta yi tauri ta koma kamar ƙullu.

Babban abin lura shi ne, karya goyo daga kara ba ya kashe shi. Ƙwayoyin suna nan da rai, suna numfashi, numfashin nan kuwa sukari ya ke ci, ga ma'aikatan nan kuma ba su daina juya sauran zuwa sitaci ba. Tun da an raba goyon da ganye, babu sabon sukari mai shigowa, sai na ciki ya yi ta raguwa. Zafi kuwa ƙara wa aikin sauri ya ke yi. An auna tsofaffin ire-iren masara mai zaƙi, aka ga in an ajiye su cikin zafi digiri 30 a ma'aunin Santigired, wajen rabin sukarinsu ya kan tafi cikin yini ɗaya da kwana ɗaya. In an ajiye su kan ƙanƙara kuwa, abin da ke ɓacewa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Wannan shi ya sa manyan manoma su ke karya da asuba tun rana ba ta ɗaga ba, su tsoma masarar cikin ruwan sanyi ƙarara, su lulluɓe ta da ƙanƙara kafin a ɗora a mota. Shi ne kuma dalilin gudun da tsohon manomi ya ke yi zuwa tukunya, gama tafasasshen ruwa yana lalata enzayim nan take, aikin juyawa ya tsaya, zaƙi ya zauna inda ya ke.

Tun kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar Amurka suna da wannan iri. Bisa ga abin da aka rubuta, cikin 1779 ne sojan da suka kai wa ƙabilun Irokwa yaƙi suka komo da irinta daga gonakin da suka ƙone, Turawa suka fara nomanta. Shekaru da yawa fara kaɗai su ke so, suna ganin rawayar masara abincin dabbobi ce, sai cikin 1902 da kamfanin iri na Burpee, a birnin Filadelfiya, ya fito da wata rawaya mai suna Golden Bantam, mutane suka ɗanɗana suka sake ra'ayi. Duk da haka matsalar tana nan, mutumin birni wanda ke nesa da gona da wuya ya ci masara da cikakken zaƙinta.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne wani malamin ilmin gado a Jami'ar Ilinoi, sunansa John Laughnan. Yana binciken wata masara wadda ƙwayarta kan yanƙwane ƙwarai in ta bushe, sai ya tauna ƙwayar, ya ji ta da zaƙi fiye da yadda ya zata. Cikin 1953 ya buga sakamakon bincikensa, ya nuna cewa naƙasar wannan iri ta hana yin sitaci tun daga farkon aikin, sabo da haka sukarinta ya ninka na tsofaffin iri, kuma ba ya saurin juyawa bayan an karya. Kamfanonin iri ba su kula ba da fari, gama ƙwayar ba ta da guzuri sosai, ba ta tsirowa da ƙarfi cikin ƙasa mai sanyi. Shi kuwa bai fasa ba, ya yi ta aurar da ita da waɗansu iri, har cikin 1961 aka fara sayar da irin ga manoma. A hankali ta karɓu, musamman a jihar Fulorida, inda a ke noma ana aikawa da masara tafiyar kwanaki zuwa biranen arewa. Zuriyar wannan iri ce mafi yawan abin da a ke tararwa yanzu cikin manyan kantunan Amurka da Ingila, kuma tana riƙe zaƙinta kwanaki da dama in tana cikin firiji.

Akwai gargaɗi a nan ga manomin da ɗan'uwansa ya aiko masa da irin nan daga waje. In ya shuka shi kusa da masarar gari, kuma suka fid da gemu lokaci ɗaya, bununin ta gari zai faɗa a kan mai zaƙi, ƙwayoyin su fito da sitaci a wannan damina ɗin, wahalarsa ta tafi a banza. Sai dai ya nisanta gonakin, ko kuwa ya raba lokacin shuka da mako biyu ko uku.

To, yanzu sai a koma wurin tukunya. Mai saye ya zaɓi goyon da ɓawonsa ke kore shar yana manne da jiki, gemunsa ya yi duhu amma bai bushe ƙayau ba. In ya latsa ƙwaya da farce ya ga madara ta fito, ta yi daidai. In ya ga ƙwayoyin sun lotsa a tsakiya, ta tsufa. Kada a ɓare sai za a dafa, gama ɓawon yana tsare ruwan jikinta. A tafasa ruwa mai yawa tukuna, domin kada zuba masara ya kashe tafasar, sa'an nan a jefa ta, a ba ta minti 3 zuwa 5. Ƙanshin nan da ke tashi in ta nuna, wani sinadari ne mai ɗauke da farar wuta wanda zafi ke saki daga ƙwayar. In aka zarce da dahuwa fatar ƙwaya ta kan yi tauri, ƙanshin kuma ya bi tururi.

Waɗansu sun fi son gasawa a kan garwashi, kamar yadda mai sauraro ya saba gani a bakin titi da damina, ko a zangon Kumasi, ko a Yawunde, ko a Kano. Wuta ta fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, sabo da haka sukari da furotin da ke fatar ƙwaya sukan haɗu su yi ja, su ba da ƙanshin gashi. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa cikin 1912. Masarar gari da aka karya ɗanya ita ma tana bin ƙa'idar da aka faɗa, wadda aka karyo da safe ta fi ta jiya zaƙi, sai dai tun da sitacinta ya fi yawa, dahuwarta ta fi daɗewa.

Saura man shanu. Wajen kashi 80 cikin 100 nasa mai ne, kuma yana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, watau ƙasa da ɗumin jikin mutum, shi ya sa da ya taɓa masara mai zafi sai ya kwarara cikin tsakanin layuka. A bari ruwa ya tsane tukuna, gama mai ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Amfaninsa bai tsaya ga daɗi ba. Launin rawayar masara daga waɗansu sinadarai ne masu suna lutin da ziyazantin, waɗanda a kan samu a cikin ƙwayar idon mutum, kuma hanji ya fi tsotse su in akwai mai tare da su. Man shanun da matan Fulani ke kawowa kasuwa yana yin wannan aiki daidai da na kanti. Amma a yi hattara da yawa, gama babban cokali ɗaya na man shanu yana da kalori wajen 100, watau kusan daidai da masarar guda sukutum. Mai hawan jini ya rage gishiri, mai ciwon sukari kuma ya lissafa masarar cikin abincinsa na yini.

Ƙa'idar duka ke nan, jama'a: a karya da sanyin safiya, a ajiye cikin sanyi da ɓawonta, a dafa da wuri, kada a daɗe a wuta. Hausawa sun ce da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe, masara ma haka ta ke.